WA ZAI BIYA KUƊIN ASIBITI: MAIGIDA KO RUMBUN JAMA'A?

(Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron dattawa da ma'aikatan ikkilisiyoyin karkara na yankin Gwarzo da Kabo, wanda aka yi a Sabon Birni bayan kaka. Mun buga shi duka saboda roƙon 'yan'uwa waɗanda ba su sami zuwa ba.)

GABATARWA

  Na san waɗansu sun baro gida tun da asuba daga ƙauyukan wajen Getso, da Lakwaya, da Garo. Ubangiji ya sāka muku, ya kuma mai da ku gida lafiya.

Kwamiti ya ba ni aikin yin bayani a kan abin da za mu yanke shawara a kansa yau da yamma. Shawara biyu ce a gabanmu. Ta fari ita ce, kowace ikkilisiya ta riƙa biya wa fastonta da mai bishararta da iyalinsu kuɗin inshorar lafiya, kamar yadda gwamnati take yi wa ma'aikatanta. Ta biyu kuwa ita ce, mu kafa asusu ɗaya na yankin nan duka, kowane gida ya sa hannu, kowa kuma ya ci moriya, ko fasto ne ko manomi ko gwauruwa.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Ni ina cikin waɗanda shawara ta fari za ta amfana, na kuma gode wa dattawan da suka kawo ta, gama na san ƙauna ce ta sa. Amma bayan na yi addu'a na yi nazari, ina goyon bayan ta biyu. Ku ba ni kunnuwanku in kawo dalilaina, daga nan ku auna da kanku.

GADO BIYU A ƊAKI ƊAYA

Da damina biyu da suka wuce na je gai da wani ɗan'uwa a wani asibiti a Kano. Ya yarda in ba da labarinsa, amma ba zan faɗi sunansa ba. Ɗansa ɗan shekara goma sha biyu ya yi zazzaɓin taifot, aka yi ta sayen ƙwayoyi a kemis kusan mako uku, har ciwon ya huda masa hanji. Da aka kai shi, likita ya ce sai tiyata a daren nan. A gadon da ke kusa kuma akwai ɗan wani ma'aikacin gwamnati, shi ma tiyatar ciki aka yi masa.

Uban wancan yaro ya nuna kati, ya cika takarda, ya biya ɗan abin da ya rage a kansa na magani. Ɗan'uwanmu kuwa ba shi da kati. Ya aika gida aka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu, a farashin da mai saye ya ga dama, gama mai neman kuɗi da gaggawa ba ya ciniki. Bai isa ba, aka jinginar da gonar da ke bakin rafi. Mun gode wa Allah yaron ya tashi, yana makaranta yau. Amma a wannan shekara da sa ɗaya ba a yi huɗa a kan kari ba, hatsin gidan bai kai su watan Maris ba, gonar kuma har yanzu tana hannun mutane.

Ɗaki ɗaya, likita ɗaya. Abin da ya raba gidajen nan biyu shi ne, ɗaya yana da maigida mai biyansa albashi, ɗaya kuwa maigidansa ruwan sama ne. Wannan labari ba baƙo ba ne a gare ku. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan magani a Nijeriya, fiye da 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fitowa. A Markus sura 5 an ba mu labarin macen da ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta kashe duk abin da ta mallaka a wurin masu magani. Zuriyarta tana nan a kan kujerun majami'unmu kowace Lahadi.

MENE NE INSHORAR LAFIYA?

Kada kalmar ta ba mu tsoro. Inshora gayya ce ta kuɗi. Mutane da yawa suna zuba kaɗan kaɗan tun suna da lafiya, domin wanda ciwo ya kama a biya masa daga abin da aka tara. Bambancinta da adashe shi ne, a adashe kowa yana jiran kwasarsa, a nan kuwa wanda bai kwasa ba shi ne ya fi kowa sa'a, gama Allah ya ba shi lafiya.

Duniya ta yarda da wannan gayya. Gardamar da ake yi ita ce a kan wa zai shiga da kuma wa zai riƙe asusu. Hanya biyu ce manya.

HANYA TA FARI: TA HANNUN MAIGIDA

Wannan ta soma a Jamus a 1883, lokacin da Bismarck ya kafa doka cewa ma'aikatan masana'antu su zuba kashi biyu, masu masana'antu su zuba kashi ɗaya. A Amurka kuwa yaƙi ne ya haife ta. A 1942, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi yadda suka ga dama. Da yake ma'aikata sun yi ƙaranci, sai kamfanoni suka shiga jawo mutane da alkawarin biyan kuɗin asibiti. A 1954 doka ta tabbatar da cewa ba a cire haraji a kan wannan alheri, abin ya zauna daram. Har yau kusan rabin mutanen Amurka ta wurin aiki suke samun inshora.

Hanyar tana da kyaunta. Karɓar kuɗin yana da sauƙi, tun da daga albashi ake cirewa. Ma'aikaci kuma yana da wanda zai riƙe idan an yi masa wasa. Amma tana da babban rami. Katin na aikin ne, ba na mutumin ba ne. Ranar da aiki ya tafi, kati ya bi shi. A 2020, da annobar korona ta rufe masana'antu a Amurka, mutane masu yawan gaske suka rasa aiki da inshora a wata ɗaya, a daidai lokacin da suka fi bukatar likita. Iyayenmu sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

HANYA TA BIYU: RUMBU ƊAYA NA KOWA

A nan gwamnati ce take tara kuɗi ta hanyar haraji, ta zama mai biya ɗaya tilo, kowane ɗan ƙasa kuma yana da hakkin magani ko yana da aiki ko ba shi da shi. Ingila ta buɗe nata tsarin ranar 5 ga Yuli, 1948. Ministan da ya tsaya a kai, Aneurin Bevan, tun yana yaro ya yi aiki a ramin haƙar kwal a garin Tredegar, inda ma'aikata suke da wata ƙungiya da suke zuba kwabo kwabo don ɗaukar likita. Abin da ya gani a ƙaramin garinsu shi ya shimfiɗa wa ƙasa duka. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Labarin Kanada ya fi taɓa ni, domin fasto ne ya ja gaba. Sunansa Tommy Douglas, faston Baptis ne a garin Weyburn a lardin Saskatchewan. Yana yaro ciwon ƙashi ya kama ƙafarsa har aka yi shirin yanke ta, sai wani gwanin likita ya yarda ya yi masa aiki kyauta muddin ɗalibansa za su tsaya su kalla. Ƙafar ta tsira, amma tambaya ta zauna masa a zuciya: yaron da bai gamu da irin wannan likita ba fa? Ya zama firimiyan lardin a 1944, a 1947 ya kafa inshorar kwanciya asibiti ga kowa da kowa. A 1962 aka faɗaɗa ta har ganin likita, likitoci suka yi yajin aiki na kwana 23, amma tsarin ya tsaya, daga baya sauran lardunan ƙasar suka bi.

Ita ma wannan hanya tana da raminta. A Ingila jerin masu jiran aikin asibiti ya haura miliyan 7 a 2023. Maƙwabtanmu na Nijar sun shelanta magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, iyaye mata suka yi ta kai yara, amma gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu har ɗakunan magani suka riƙa ƙarewa. Ghana ta kafa nata a 2003, ta ɗora harajin kashi biyu da rabi cikin ɗari a kan kayan saye don cika asusu, su ma sun sha fama da jinkirin biyan asibitoci. Rumbu ɗaya yana rufa wa kowa asiri, amma in mai riƙe da mabuɗi ba shi da aminci, ko kuwa ba a zuba isasshen hatsi ba, kowa da kowa ne zai kwana da yunwa.

INA MUKE A NIJERIYA?

Mu a ƙasar nan da hanyar maigida muka fara. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 2005, aka soma da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Yadda aka tsara shi, mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5. Katin ya ɗauki ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ku dubi gidajenmu ku gani. Ina ɗa na biyar? Ina marayan ɗan'uwanka da kake riƙo? Ina tsohuwarka? Shi kansa ma'aikacin, ranar da ya yi ritaya, lokacin da hawan jini da ciwon sukari suke sallama, sai ya tarar an cire sunansa. Saboda shirin ya jingina ga masu albashi, aka yi shekaru fiye da goma bai rufe ko kashi 5 cikin ɗari na jama'a ba.

An yi gyare-gyare, ya kamata mu san su. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Wannan asusu, da ake kira BHCPF, ya fara shiga kasafi a 2018, manufarsa kuwa a sami aƙalla asibitin sha-ka-tafi ɗaya a kowace mazaɓa inda talakan da aka rubuta sunansa zai sami magani ba tare da biya ba. Jihar Kano ta kafa tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, da dokar 2016, ta fara da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, ta kuma buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu su biya na shekara su shiga. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mai da NHIS ta zama NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusun marasa galihu wanda aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi.

A takarda dai mun kama hanyar rumbu. A ƙasa kuwa da sauran tafiya. A ƙarshen 2024 hukumar ta ce masu kati sun kai wajen miliyan 19, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ko ɗaya cikin goma ba a kai ba. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, amma kasafin tarayya yawanci a wajen kashi 5 yake tsayawa. Saboda haka manomin Sabon Birni yana tsaye a tsakiya. Ba shi da maigidan da zai biya masa, rumbun gwamnati kuma bai cika ba balle ya iso gare shi.

ME MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA?

Littafi Mai Tsarki bai ambaci inshora ba, amma ya nuna mana iyayengiji biyu da barorinsu marasa lafiya. Na fari yana cikin Luka sura 7, hafsan sojan Roma na Kafarnahum. Bawansa ya kwanta yana bakin mutuwa, ya aika dattawan Yahudawa su roƙi Yesu, Ubangiji kuma ya yaba bangaskiyarsa. Wannan maigida ne na kirki. Duk wanda yake da ma'aikata a ƙarƙashinsa, har da ikkilisiya, ya yi koyi da shi.

Na biyu yana cikin 1 Sama'ila sura 30. Dawuda yana bin sawun Amalekawan da suka ƙone Ziklag, sai mutanensa suka tsinci wani saurayi Bamasare a jeji, kwana uku bai ci ba bai sha ba. Da suka ba shi abinci ya farfaɗo, ya ce shi bawan wani Ba'amaleke ne, maigidansa ya yar da shi ne domin ya kamu da ciwo. Muddin yana iya ɗaukar kaya, yana da abinci da inuwa. Ranar da ya kwanta, ranar ce aka ƙare da shi.

'Yan'uwa, matsalar hanyar maigida ke nan. Ba ka san ko na Kafarnahum za ka samu ko na Amalek ba, sai ranar da ka kwanta. Kada kuma mu yi saurin nuna wa wasu yatsa. Na san wani mai bishara da ya yi hidima fiye da shekara ashirin a ƙauyuka, yana tafiya a kan keke. Ɓarin jikinsa ya shanye. Wata uku na fari an yi ƙoƙari ƙwarai. Daga nan aka kawo wani a madadinsa, gama aiki ba ya jira, ɗan alawus ɗin ya koma wurin sabon, aka kuma bukaci ɗakin da yake ciki. Ina cikin waɗanda suka zauna a taron da aka yanke wannan shawara, ban kuwa buɗe baki ba. Na roƙi gafarar Allah, na roƙi tasa kafin ya koma ga Ubangiji. In da a lokacin muna da katin ma'aikata irin wanda ake shawara yau, da katin ma ya koma hannun magajinsa tare da keken.

Sai mu duba Farawa sura 41. Yusufu bai ce kowane mai gona ya tanada wa barorinsa ba. Ya sa aka karɓi humushi, wato kashi ɗaya cikin biyar, na amfanin ƙasar Masar duka a shekaru bakwai na ƙoshi, aka tara a rumbunan birane. Da yunwa ta zo, rumbun ya ceci Masarawa, ya ceci baƙi, har da gidan Yakubu. A Luka sura 10 kuma, Basamariyen nan bai tambayi wanda 'yan fashi suka sassara wa yake yi wa aiki ba, ko wace kabila ce tasa. Ya kai shi masauki, ya ba da dinari biyu, ya ɗauki alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru.

Na san akwai masu cewa tanadin kuɗin ciwo rashin bangaskiya ne, kamar mutum yana kiran cuta da kansa. Ina girmama su, amma Ubangiji damuwa ya hana, bai hana tanadi ba. Wanene a cikinmu ya cinye irin shukarsa da rani domin ya dogara ga Allah? Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa matsara a kan garu. Mishan da suka kawo mana bishara ma da magani a hannu suka zo. Asibitin ido na Kano da SIM ta buɗe a 1943, da asibitin kutare na Yadakunya, da na Wusasa a Zariya, da na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, duk shaida ne cewa addu'a da allura ba kishiyoyi ba ne.

DON ME NAKE GOYON BAYAN ASUSU ƊAYA?

Na ɗaya, saboda adalci. Kuɗin da za a biya wa fasto kati daga baikon wa zai fito? Daga na gwauruwar da take sayar da daddawa, da na ɗan'uwan nan da ya sayar da sansa. Yaya zan tsaya a bagade da kati a aljihu wanda suka saya mini, in ce musu su dogara ga Ubangiji? A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na fari da ya shiga ikkilisiya a kan rabo ne, domin ana tsallake gwaurayen wani sashe. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, ba mu da ƙarfin da za mu ɗauki irin wannan tsaga.

Na biyu, saboda lissafi. Gayya tana ƙarfi ne da yawan hannuwa. Ma'aikatan ikkilisiya a yankin nan ba su da yawa, da yawansu kuma shekaru sun ja. Asusun da tsofaffi kaɗai suke ciki, ciwo biyu manya sun isa su kwashe shi. Amma in an haɗa samari da tsofaffi, masu ƙarfi da raunana, ikkilisiyar da ta yi kaka mai kyau da wadda fari ya taɓa, nauyin zai rarrabu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, saboda ɗorewa. Wanda ya shiga don shi ɗan ikkilisiya ne, ba don aikinsa ba, ba mai cire shi ranar da ya tsufa ko ya kasa. Fasto da mai bishara su shiga kamar kowa. Ikkilisiya, a matsayinta na maigidansu, ta zuba musu rabonsu, ta kuma ci gaba da zubawa bayan sun ajiye aiki. Ta haka ba mu yar da kyakkyawar niyyar shawara ta fari ba, mun dai sa ta a cikin babban rumbu.

SHAWARWARI

1. Mu fara da hakkinmu na 'yan ƙasa. Asusun gwamnati da harajinmu ake cika shi, doka kuma ba ta ware addini ba. Kowace ikkilisiya ta naɗa matasa biyu masu ilimi su rubuta sunayen gwauraye, da marayu, da tsofaffi, da naƙasassu, da mata masu ciki, su taimake su samun lambar ɗan ƙasa ta NIN, su raka su asibitin mazaɓa a ranar da ake rajista. Mazaɓa goma ce a Gwarzo, goma a Kabo, kowace kuma tana da kwamitin raya mazaɓa mai sa ido a kan asibiti. Sau da yawa muna kukan an manta da mu, alhali ba mu je wurin da ake rubuta suna ba. Dattawa su gai da dagaci da mai unguwa, su nemi kujera a kwamitin nan cikin ladabi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

2. Mu zuba da hatsi, a lokacin kaka. Manomi ba shi da kuɗin wata wata, amma yana da dawa da masara da waken suya a watan Nuwamba da Disamba. Ga misali: gida 60, kowanne ya ba da tiya 10, an sami tiya 600, wato buhu 15. A adana, a sayar lokacin da hatsi ya yi daraja. Mai albashi da ɗan kasuwa su ba da kuɗi daidai ƙarfinsu. Wanda ba shi da ko tiya ɗaya a rubuta sunansa, zumuntar mata da ta maza su ɗauke masa.

3. Mu san iyakarmu. Asusun nan ba zai iya wankin ƙoda ko maganin daji ba, kada mu yi alkawarin da zai sa a kira mu maƙaryata. A shekarar fari mu tsaya a kan abu uku: kuɗin mota zuwa asibiti da dare, haihuwa mai gardama, da tiyatar gaggawa. In asusu ya yi ƙarfi, kwamiti ya je ofishin hukumar jiha ya binciki yadda za mu saya wa mutanenmu kati a ƙungiyance, domin ƙaramin rumbunmu ya jingina da babba.

4. Mu tsare amana. A 2 Korantiyawa sura 8, Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. In manzo ya yi haka, balle mu. Kada fasto ya riƙe kuɗi ko mabuɗin rumbu, har da ni. Mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko naira ɗaya, ɗaya daga cikinsu mace. A biya asibiti kai tsaye, a karɓi rasit. A karanta lissafi a gaban jama'a kowane wata uku. Mun ga asusu da yawa sun mutu a ƙasar nan, ba don rashin masu zubawa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

5. Mu bar ƙofa ga maƙwabci. Ina roƙo a ware kashi ɗaya cikin goma don wanda ba namu ba. Wanda ya ɗauki yaron da na ba ku labarinsa a kan babur da tsakar dare zuwa bakin titi, maƙwabcinsu ne Musulmi, bai kuma karɓi ko kuɗin mai ba. Ranar da matarsa za ta kwanta naƙuda mai wuya, kada ya tarar rumbunmu a kulle. A Galatiyawa sura 6 an umarce mu mu yi wa dukan mutane alheri.

KAMMALAWA

Iyayena da 'yan'uwana, ba na ruɗin kaina cewa buhu 15 zai warware matsalar lafiya a Nijeriya. Wannan nauyin gwamnati ne, mu kuma ci gaba da tuna wa masu neman ƙuri'armu alkawarin Abuja na 2001 duk lokacin da suka zo. Burina shi ne ranar da ɗan manomi da ɗan ma'aikaci za su kwanta a ɗaki ɗaya, a tambaye su ina ke ciwo kafin a tambaye su ina uban yake aiki. Amma ku tuna, abin da Ingila take taƙama da shi yau, da kwabon masu haƙar kwal na wani ƙaramin gari ya fara.

Da yamma za ku ɗaga hannu. In kun zaɓi shawara ta fari, ba zan yi fushi ba, zan gode muku. Amma ina roƙonku, kafin ku ɗaga, kowa ya tuna da mutum ɗaya a ikkilisiyarsa wanda in ya kwanta yau ba mai sayar masa da ko akuya. Ku tambayi kanku a wace shawara ce sunansa yake.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai ne mai warkarwa, likita yana ɗaurewa ne kawai. Ka gafarta mana inda muka bar bayinka a jeji sa'ad da ƙarfinsu ya ƙare. Ka ba mu zuciya ɗaya da hannuwa masu aminci. Ka ba shugabannin ƙasarmu da na jiharmu tsoronka a kan dukiyar marasa lafiya. Ka taɓa waɗanda suke kwance a gida da asibiti a wannan sa'a, namu da na maƙwabtanmu. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.